Asirans ɗin Kamiyo da Ƙafata ta Hagu

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, Shi da ya bar mini hannu biyu da ƙafa ɗaya da zuciyar da ba ta mantuwa.

Ni mutumin ƙasar Sakkwato ne. Na zo Yamai da matata ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba. A lokacin ba mu ɗauki iyaka a bakin komai ba. Kakata ta wajen uwa ma a Ƙonni aka haife ta, Hausar nan ɗaya ce, sallar nan ɗaya ce. Ban san na zama baƙo ba sai ranar da na kwanta a likita, wato abin da mu can gida muke ce wa asibiti.

Allo na yi tun ina ƙarami, da ajami nake rubutu har yau, amma tuƙi ne ya ciyar da ni. Wani attajiri Ba'adare mai babban gida a unguwar Kalley ya ɗauke ni shofer, ina ja masa kamiyo, babbar motar kaya, in ɗauko albasa daga ƙasar Tawa in kawo Yamai. Mu kuma muka kama ɗaki a unguwar Boukoki. Ranar da ya miƙa mini makulli na ce masa, “Maigida, ni ba ni da kowa a garin nan. In ciwo ya same ni, ko haɗari a hanya, wa ke gare ni?”

Ya yi dariya, ya ƙwanƙwasa gilashin motar da carbinsa, daidai inda aka manna wata ƴar takarda mai hatimi. Ya ce, “Basakkwace, ka ga wannan? Asirans ke nan. Duk shekara nake biyan Nasara. Abin da ya sami motar nan da wanda ke cikinta, su za su ɗauka. Ku can wajen Ingilishi kuna da irinta?”

Asirans ita ce abin da ake ce wa inshora can gida. Na yarda da shi. Mu da muka tashi a gaban malamai mun san laya tana tsare wanda ya rataya ta, sai na ɗauka takardar Nasara ma haka take, duk wanda ya zauna a bayanta ya shiga inuwarta. Kullum in ina goge gilashi sai in bi gefenta a hankali don kada ta jiƙe. Har layata na rataya kusa da ita.

Da farkon wata damina na gaya wa maigida birki ya fara saki. Ya ce in yi wannan tafiyar, in na dawo a gyara. A kan hanyar dawowa, bayan Dosso, birkin ya ƙi gaba ɗaya a wata gangara. Motar ta kife, albasa ta watse cikin laka, ƙafata ta hagu ta maƙale a ƙarƙashin ƙarfe. Wasu bayin Allah suka zaro ni, suka sa ni a motarsu zuwa Yamai.

A likita na sami majo, shugaban masu jinya, wani Bazabarme mai sanyin magana. Ya duba ƙafar, ya ɗaure ta, ya yi mini allura, sannan ya tsuguna ya yi mini bayani. Aikin ƙashi irin wannan sai lokotoro mai fiɗa, wanda mu can gida muke ce wa likita, kuma kafin a kai mutum gabansa sai an san wanda ya ɗauki nauyinsa. In ma'aikacin wani ne, maigidansa ya zo ya ce nasa ne. In talakan ƙasa ne, ya kawo shaida daga mai garinsu. Ya ce, “Kai kuwa mai garinka yana can Sakkwato.”

Na ce, “Ai ina da asirans, tana manne a gilashi.”

Ya girgiza kai. Ya ce, “Ɗan'uwa, waccan ta ƙarfe ce, da wanda ƙarfen ya buge a hanya. Kai da ke riƙe da sitiyari ba ka ciki, sai in maigidanka ya kai sunanka ofishin ma'aikata. Amma kada ka damu, a kira shi. Kalma ɗaya zai faɗa.”

Matata ta tafi Kalley da gudu. Maigida ya zo, cikin farar shadda, yana toshe hanci da gefen rawani. Majo ya nuna ni, ya ce, “Naka ne?”

Ya dube ni kamar yadda ake duban buhun da ya ruɓe. Ya ce, “Wannan? Ɗan ƙasar Ingilishi ne. Yakan yi mini tafiya ɗaya-ɗaya in shofer ɗina ba ya nan. Ba ma'aikacina ba ne.”

Na ce, “Maigida!” Ya ce, “Allah ya sawwaƙe,” ya ajiye mini goro biyu a gefen tabarma, ya fita. Daga baya na gane dalili. Bai taɓa kai sunana ko'ina ba, in ya ce nasa ne ni, hukuma za ta tambaye shi.

Matata ta yi ta yawo daga wannan ofis zuwa wancan, ba Faransanci, ba Zabarmanci. Ta sayar da tasoshin aurenta. Kafin wani tela mutumin garinmu ya ji labari, ya tara ƴan'uwa su tsaya mini, ƙafar ta yi baƙi, ni kaina ba na iya jure warinta. Lokotoro ya ce da an kawo ni da wuri da ya ceto ta. Aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Ban bar gadon jinya ba sai da na ji asirans ta ba maigida sabuwar kamiyo.

Telan nan, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mini ɗinki da keken hannu. Da na iya, ya ce in zauna a rumfarsa a Boukoki. Na ce a'a, na riga na zaɓi wuri. Akwai wata bishiya a bakin masallacin Kalley, tana kallon ƙofar gidan maigida. Nan na kafa kekena. Kullum da safe in dogara sanda in yi wannan doguwar tafiya, ba don babu masu ɗinki a unguwarmu ba.

In ya fito sai in ɗaga murya, “Barka da hantsi, maigida! Yaya sabuwar mota, birki na ci?” In an tayar da salla sai in ja jiki in shiga sahu daidai gefensa, in jingina sandata inda zai gan ta in ya yi sallama. Duk shofer ɗin da ya zo neman aiki a gidan, ta gabana zai wuce. Ba na zagin kowa. Ƙafar wandona kawai nake ɗagawa, in ce, “Ka tambaye shi sunan wa ke cikin takardar gilashi.” Da yawa daga nan suke juyawa.

Matata takan ce, “Malam, wannan gabar za ta cinye ka.” In ce, “Bar ta ta ci, ai an riga an fara da ƙafa.”

Shekaru suka tafi a haka, har aka ce maigida zai tafi Makka. Labari ya zo mini cewa tsoro ya kama shi. Yana ta bin waɗanda suka taɓa zuwa yana tambaya, in mutum ya faɗi ciwo a can wa ke ɗaukarsa, da wane harshe zai yi wa lokotoro magana. Na ce ashe shi ma zai ɗanɗani baƙunci.

Kowa ya san al'adarmu, mai niyyar hajji ba ya tashi sai ya zaga ya nemi gafarar mutane, don haƙƙin wani ba ya wankuwa da tafiya. Ya zaga dangi, ya zaga abokan ciniki, saura ni. Ya aiko liman da turmin yadi da rago. Na ce, “Allah gafarta malam, rago bai yi mini laifi ba. Mai neman gafara shi ke zuwa da ƙafarsa, tunda yana da biyu.”

Maigida ya zo wata Juma'a bayan la'asar, mutane ba su watse ba. Ya tsaya a kaina, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce, “Basakkwace, zan tafi ɗakin Allah. Abin da ya wuce tsakaninmu, ka yafe mini.”

Na ci gaba da juya kekena. Na ce, “Wa ke magana? Ni ban san ka sosai ba. Tafiya ɗaya-ɗaya nakan yi maka.”

Wani ya ƙunshe dariya a baya. Liman ya ce, “Haba malam, ka ji tsoron Allah.”

Na ce, “Tsoronsa nake ji, shi ya sa ba zan faɗi da baki abin da babu shi a zuciya ba.” Na tsayar da keken, na dubi maigida. “Majo ya yi maka tambaya ɗaya a likita. Yau nake son amsarta. Wane ne ni a wurinka?”

Ya motsa leɓe. Na kafa hannu a kunne, na ce ban ji ba, tsufa ya fara taɓa ni. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin rawani. Ya ɗaga murya yadda har masu alwala suka juyo. “Shofer ɗina ne. Ma'aikacina ne. Na ƙi shi ranar da yake kwance.”

Wallahi na ji sanyi ya ratsa ni har zuwa ƙafar da babu. Na ce, “To, ƙaryar na yafe, tunda ka mayar da ita da bakinka. Ƙafar kuwa ban yafe ba. An binne ta, ta riga mu zuwa. Can za mu same ta, mu ukun mu yi magana a gaban Mai shari'a. Allah ya kai ka lafiya. In kuma ciwo ya kayar da kai a can, Allah ya sa a tambayi wani ko nasa ne kai.”

Ba wanda ya ce amin sai wani tsohon shofer da ke jingine da bango.

Ya je ya dawo lafiya lau, da haƙorin Makka a baki. Na ji ya kai sunayen masu ja masa mota ofishin ma'aikata, ban kuma ɗauka don Allah ya yi ba, don bakina ya yi. Ya sa aka fasa masa wata ƙofa ta bayan gida, ta nan yake fita har ya rasu. Liman bai daina yi mini nasiha ba, ni ma na karanta, na san yafiya ta fi lada. Amma na kuma karanta cewa haƙƙin bawa yana hannun bawa. Nawa yana hannuna, ban sake shi ba.