Sawun Tifa a Gonar Baffa

Aikin taki a gandunmu yana da tsari, kuma ni ke riƙe da shi tun da ƙarfina ya kawo. Da farko a tone jujin bayan gida da turken shanu. Sannan a loda a amalanke. Sannan in kora bijimaina biyu, waɗanda na sayo a kasuwar Moriki, mu bi burtali zuwa gona. Can ba wuri ɗaya ake juyewa ba. Tsibi nan, a ƙara gaba, tsibi can, har gona ta zama kamar an kife mata tukwane a jere. In ruwa ya sauka a baza. Duk wanda ya wuce da bazara ya ga jerin, ya san hannuna ne. Baffa, ƙanen mahaifina da ke riƙe da gandu, yakan tsaya bakin gona ya ce, "Madalla da ɗana." Ban taɓa neman abin da ya wuce wannan ba.

Sai taubashina ya sayi tifa.

Ɗan gwaggona ne, na girme shi, kuma bisa al'ada bawana nake ce masa. Da karen mota ya fara a hanyar Shinkafi, ya zama direba, daga nan ya shiga jidar yashi daga gulbi zuwa masu gini a Ƙaura. Ranar da ya shigo gari da motar, mata har leƙe suke ta katanga. Ya danna oda, bijimaina suka kusa tsinke igiya. Ni ina tsaye ƙofar zaure. Na dubi fentinta ruwan ƙwai, na dubi tayoyin da suka kai mini ƙirji.

"Ubangidana!" ya ƙwala mini kira daga can sama. "Kawo amalanken in ɗora ta baya, da shanun duka, in kai ku Zurmi shan iska."

"Sauko ka gaishe ni, bawa. Ko rimi ka hau, bawana kake."

"Mi ka ce? Ba ni jin ka, ka yi ƙasa da yawa!"

Kowa ya yi dariya. Wasan taubasai ne, ba a fushi da shi, don haka na buɗe haƙora kawai.

Da bazara ta kama ya je ya durƙusa gaban Baffa, ina zaune. Ya ce, "Kawu, bana a hutar da tsohon ga da shanunai. Abin da yake jida har gari ya gaji da ganinsa, ni kafin azahar na gama."

Baffa ya ce dama hanyar gona ba ta da aminci kamar da, shanu su wuni suna kai da komo a daji neman fitina ne. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi yi mini ciwo.

Na ce, "Baffa, gona ba titi ba ce."

Ya dube ni. "Wannan shawara ce ko kishi?"

Na ce, "Duka biyun."

Ya ce, "To, a gwada motar."

Tifa ta shiga gona ta kan gambar da ta raba mu da maƙwabci, ta kwantar da ita. Ta je tsakiya, ta ɗaga baya, ta zazzage tudun taki wuri guda, ta koma ta sake kawowa. Taubashina ya leƙo ya ce in gaida shanu. Baffa ya ce, "Madalla da ɗana." Ba ni yake nufi ba.

Da damina ta sauka, inda tayoyi suka bi ƙasa ta daskare kamar daɓe, garma sai tsalle take a kai. Gero ya yi kyau ko'ina ban da layuka biyu, daga bakin gona har tsakiya, inda ya tsaya gajere yana rawaya. Gurbin tudun kuwa takin ya yi yawa, ya ƙone shuka. Kullum sai na je na dubi layukan nan. Jira nake a kira ni.

A daminar ne na ji a rediyo wai a wasu ƙasashe ana gardama kan sana'o'in da ya kamata a rage don ƙasa ta huta. Na ce da ni za a tambaya, ba gardama. Na farko, masu kwashe yashin gulbi, har gaɓa tana zaftarewa da fadamun mutane. Na biyu, manyan motocin itace da gawayi, da ke fita da daji a bayansu su bar mana rami a hanya. Na uku, ƙatuwar motar da mutum ɗaya ke shiga shi kaɗai, ya kora mai jaki cikin ƙaya. Har yau ban janye ko ɗaya ba. Amma na san wanda na sa a gaba da dalilin sa shi. In na ce ban taɓa ganin kaina a kujerar can ta sama ba, hannu kan sitiyari, na yi ƙarya.

Da bazara ta zagayo Baffa ya kira mu, ya yanke hukunci. Tifa ba za ta sake taka gona ba. Za ta kawo taki ta juye a bakin burtali, ni in kwasa da amalanke in jera tsibi.

Taubashina ya tafa. "Shi ke nan, ubangida ya zama yaron motata!"

Dattawa suka ce Baffa ya yi adalci. Haka muke yi har bana. Shi ya juye ya tafi kafin rana ta yi zafi, ni da bijimai mu wuni muna jerawa. Kwanan baya ina ɗaure shanu a gindin aduwa, wasu mutum biyu suka wuce ta burtali. Ɗaya ya tsaya ya dubi tsibin, layi bayan layi, ba wanda ya kauce.

Ya ce wa ɗan'uwansa, "Kai, tifar nan ta iya aiki."