Gurbin da Babu a Takardar Saratu

Jiya ɗiyata Saratu ta zaunar da ni tana karanta mini takardar tafiyarta karatun jinya a Masar. Sai na sa hannu za a bar ta ta tafi.

Rigakafin korona, ta yi. Takunkumi, na ɗinka mata shida a Tambuwal. Killacewar mako biyu, ta ce za ta jure.

Sai ta zo tambayar ƙarshe.

"Inna, sun ce in na rasu can, a rufe ni can ko a maido gawa gida?"

Babanta ya rasu bara da wannan cutar, a wani asibiti a Sakkwato. Can aka rufe shi, ko fuskarsa ban gani ba.

Na ce, "Rubuta a maido ki da ƙafafunki."

Ta duba takardar sama da ƙasa. "Babu wanga gurbi, Inna."

"To ki yi mashi wuri."

Ta rubuta a gefe, na sa hannu a ƙarƙashi.

Iyayen da 'ya'yanku ke waje, ku me kuka zaɓa? Ni dai abin da hannuna ya iya ke nan, sauran na Allah ne.