Goggo Asta da Yaran Ƙarƙashin Dutse

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Rajab na shekarar 1373, wato sha shida ga Maris 1954, Allah ya karɓi ran Goggo Asta, matar marigayi Kabo, a ɗakinta da ke Wagini. Labarin ya same ni a Safana ina tsakiyar yi wa shanu allura, kafin in iso har an kai ta makwancinta. Zaman makoki na tarar, kuma abin da na gani a zaman nan ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin na ga masu hawaye waɗanda ban yarda da hawayensu ba.

Goggo, babu jini tsakanina da ke, kamar yadda babu tsakaninki da kowa a Wagini. Tun kafin a haife ni kika fito daga dajin Ruma, Bafillatana ke kaɗai, Kabo ya aure ki, Allah bai ba ku haihuwa ba. Ba wanda ya san danginki, ke ma ba ki taɓa ɗauko zancensu ba. Amma da mahaifiyarmu ta kwanta ciwo damina guda, ke kika riƙa dama mana fura, ni da ƙanwata Zuwairatu, ba tare da kowa ya sa ki ba. Shanu biyu gare ki, duk da haka babu yaron unguwar da bai san ɗanɗanon nononsu ba. Ranar da ƙaya ta karye mini a tafin ƙafa, ke kika cire ta da bakin allura, kina yi mini faɗa kina hura wurin.

Abin da ya fi ɗaure mu a ƙofar ɗakinki shi ne labarin Yaran Ƙarƙashin Dutse. Bayan la'asar, in an kawo wake daga gona, sai ki tara mu muna ɓara kina ba mu. Yara huɗu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, suka bi wata farar saniya ta tsagin dutse a dajin Ruma, suka ɓulla wata ƙasa inda ake shuka gero da safe a girbe da yamma. Sarauniyar Raɓa ke mulkin ƙasar, abokin gabarta kuwa wani ƙato ne mai suna Shanye-Rijiya, wanda in ya durƙusa ya kafa baki sai ya zuƙe ruwan gari guda. Hashimu ne babba, sandarsa kan zama gada in an iso kogi. Safiyatu na jin maganar tururuwa. Musbahu ɗingishi yake yi, amma gauraka ke ɗaukarsa sama, shi ya sa kowannenmu ke son ya zama shi, har da dambe. Autansu Jinjiri kullum yana goye a bayan Sarauniya. Shekaru kika yi kina ba mu, kowace kaka da sabon yaƙi, labarin bai taɓa ƙarewa ba. Dattawa sun yi ta gunaguni cewa ba a tatsuniya da rana. Kika ce musu naki ba tatsuniya ba ce, muka ɗauka wayo kike yi musu.

Na girma, na tafi aiki, na bar labarin a inda na bar wasan ƙasa. Sai bazarar 1950, da sanƙarau ya shigo Wagini ya fara ɗibar yara. Cikin waɗanda suka rasu har da ɗan Maude, shi Maude kuwa ɗan wan mijinki ne, gonarsa ta yi iyaka da fadamar da kika samu a gadon Kabo. Shi ya fara cewa mayya ce ke. Ya ce matar da ta shekara tana gaya wa yara daɗin ƙarƙashin dutse, yanzu kwashe kurwarsu take yi tana kaiwa can. Ba na musun zafin rashin ɗa. Amma har yau ina tambayar kaina me ya sa bai kai ƙararsa gun liman ba, sai tsakiyar kasuwar Batsari, kuma me ya kai shi zagaya gefen fadamarki a makon nan, alhali ruwa bai sauka ba. Magana ta kama. Aka fara cewa a fito da ke ki tsallake marasa lafiya a gaban jama'a, sannan a kore ki daga garin.

Malam Sammani, limamin Wagini, ƙanen mahaifina ne. Ya aika aka kira ni. Ya ce shi bai taɓa zama ya ji labarin ba, kuma ba zai yanke magana a kan abin da bai sani ba. Yana son wanda ya sha shi yana yaro, yanzu kuma ya yi hankali, ya je ya sake ji, ya gaya masa ko akwai kiran iskoki a ciki. Na tafi da kunnen bincike, don abin da aka aike ni ke nan.

Na same ki ke kaɗai a tsakar gida, babu yaro ko ɗaya. Muka gaisa, kika daɗe kina dubana, sannan kika ce, "Yusha'u, zuwa ka yi ko aiko ka aka yi?"

Na ce, "Aiko ni aka yi, Goggo."

Kika ce, "To zauna. Gara kai."

Kwanaki na yi ina zuwa, kina ba ni tun daga farko. Ban ji iska ko ɗaya ba, amma na ji abubuwan da kunnen yaro ba ya kamawa, kuma suka ƙara mini zargi maimakon su rage. Ba kya buɗe labarin yadda ake buɗe tatsuniya, ba kya rufe shi yadda ake rufewa. Ƙaton da sarauniya sunayen almara gare su, manyan yaran uku kuwa sunayen da ake raɗawa ranar suna. Ɗingishin Musbahu ba tsafi ne ya jawo shi ba, saniya ce ta take masa ƙafar hagu a bakin mashaya, kuma kin san har launin saniyar. Safiyatu ba ta shan miyar kuka, abin da bai taɓa amfanar labarin da komai ba. An yi yaƙi an yi yaƙi, amma yaran ba su ƙara ko shekara ɗaya ba. Kuma duk sanda suka ci nasara suka nufo ƙofar dutsen za su koma gida, a nan kike cewa rana ta yi sanyi, a tashi. Ina yaro na ɗauka dabarar ja mana rai ce. Da na ji da girma sai na lura ba ki taɓa kai su gida ba.

Na tambaye ki su wane ne yaran nan. Kika ce ba ni za ki gaya wa ba, in je in ce wa Malam ya nemo jaki, kuma a taho da Maude.

Da safe muka kama hanyar Ruma, kina kan jaki muna biye. Kika kai mu gindin wani dutse mai tsagi, inda alamar tsohuwar ruga ta kusa ɓacewa. A can kika gaya mana cewa kafin Kabo kina da miji da 'ya'ya huɗu. Babbar yunwar nan ta shekara kusan arba'in da suka wuce ta kashe shanun, mijin ya fita neman hatsi bai dawo ba, yaran suka bi juna. Kika nuna mana tsibin duwatsu da kika jera da hannunki don kada kura ta tone. Malam ya yi addu'a. Ni kuwa idona na kan duwatsun, don tsibi uku na gani. Malam ma ya gani, ya tambaye ki a hankali ina na huɗun.

Kika ce, "Ba ya nan, Malam. Wasu fatake ne suka biyo za su yamma. Nonona ya ƙafe, sai na miƙa wa matar madugunsu shi. Na gaya mata sunayen yayyensa, na ce in ya yi rai ta gaya masa. Ban tambayi sunan garinsu ba, don kada in bi su."

Muka komo Wagini. Ranar Juma'a Malam ya tashi bayan salla ya wanke ki a gaban jama'a, ya ce duk wanda ya sake furta kalmar nan, shi da shi ne gaban alƙali. Baki ya mutu, amma zukata ba su komo ba. Iyaye mata ba su sake barin 'ya'yansu zuwa ɓarar wake ba, ke kuma ba ki sake buɗe baki da labarin ba. Zuwairatu ce kaɗai ta ci gaba da shiga ɗakinki, kuma a hannunta kika cika. Maude kuwa, in ya nemi gafararki, ban ji ba, Zuwairatu ma ba ta ji ba.

Akwai zaton da nake yi wanda ba ki taɓa tabbatar mini ba. Na tuna duk ranar kasuwar Batsari, in kin kai nono, kina jawo 'ya'yan baƙin fatake ki ba su wani yanki na labarin, kina nanata musu sunayen nan uku har su riƙe. Ina jin aika su kike yi, ko Allah zai sa wata rana sunayen su faɗa kunnen wanda ya san su. Na taɓa tambayarki, sai kika ce mini saniyarki na tari, in duba ta.

A zaman makoki Maude ne ya fi kowa share ido. Shi ke karɓar gaisuwa, shi ke ba da labarin kirkinki, har ya ce zai ɗauki nauyin kula da fadamar tunda ba ki bar kowa ba. Allah ne ya san zuciya, mai yiwuwa nadama ce. Ni dai na lura a jimla ɗaya ya haɗa kirkin da fadamar. Malam Sammani ya bari ya gama, sannan ya ce wa ya gaya masa ba ki bar kowa ba. Ya ce kina da ɗa namiji wanda ba a tabbatar da mutuwarsa ba, don haka gona tana da mai ita, za ta zauna amana a hannun Zuwairatu da mijinta, kuma za a ba da cigiya ga duk ayarin da zai yi yamma.

Allah ya jiƙan ki, Goggo Asta. Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sa haƙurin da kika yi da mu ya zama nauyi a mizaninki. Allah ya sada ki da waɗanda suka riga ki, a gidan da ba a rabuwa. Ina yi wa Malam Sammani ta'aziyya, da Zuwairatu, da dangin Kabo baki ɗaya, da duk wanda ya taɓa shan furarki a Wagini. Ta'aziyyata ta ƙarshe ga wani bawan Allah ce, mai kimanin shekara arba'in, a wani gari can yamma, wanda bai san an yi masa rasuwa ba. In wannan takarda ta iske ka, kuma an taɓa gaya maka kana da yayye Hashimu da Safiyatu da Musbahu, to mahaifiyarka ce ta rasu. Allah ya ba ka haƙuri. Ka zo Wagini ka tambayi gidan liman, za a nuna maka kabarinta.