Wasan da Yaya Mumuni ya bar wa Yakubu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Mumuni makwancinsa, Allah ya jiƙansa da rahama. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye, don ni tela ne, almakashi na sani. Bana kam na kasa ajiyewa. Ɗana Fuseini ya shekara bakwai yana mataimakin koci a ƙungiyar da Yaya ya yi rainonta, ba a taɓa ba shi wasa ko ɗaya ya jagoranta ba, kuma a watan jiya ya ce mini ya gaji, zai bar ƙwallo. Abin ya tsaya mini a rai, ga shi wanda zan kai wa kukana yana ƙarƙashin ƙasa.

Duk wanda ya tashi a unguwar Nyohini ta Tamale ya san Koci Mumuni. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, malamin makaranta da safe, koci da la'asar. Mutane suna tuna 'yan wasan da ya fitar. Ni mataimakansa nake tunawa, don a kansu ya ƙarar da rabin ƙarfinsa, a kansu kuma ya rasa aikinsa.

Idan ya ɗauki sabon mataimaki, abu na farko da yake yi shi ne ya hana shi bin ƙwallo da ido. Sai ya ce, "Kai, masu tsaron baya kaɗai za ka kalla, ko gobara ta tashi a gaba babu ruwanka." Bayan atisaye su zauna a gindin darbejiyar bakin fili, ya tambayi kowa me ya gani. Ka kuskura ka ce yara sun yi ƙoƙari, ka shiga uku. Sai ka faɗa masa wa ya juya wa abokin karawa baya, wa yake ɗingishi yana ɓoyewa, wa ya daina magana tun da aka yi masa tsawa. In ka iya wannan, sai ya ba ka usur ka gudanar da atisaye, shi kuma ya koma tsintar ƙwallo da ɗebo ruwa. Na sha ganinsa da bokiti a hannu, furfura a kai, yana jiran umarnin yaron da a haife ya haife shi.

Sai babbar al'adarsa, wadda ya kira ranar mataimaki. Tun farkon kakar wasa yake raba wa mataimakansa wasu wasanni, kowa ya san nasa, kuma ba a canzawa. Ranar, mataimaki ne zai zaɓi 'yan wasa, shi zai yi magana a hutun rabin lokaci, shi zai yi canji. Yaya kuwa ya sayi gyaɗarsa ya shige cikin 'yan kallo. Ba ya ɗaga hannu, ba ya aiko da saƙo. Cewa yake wanda bai taɓa jin cikinsa ya ɗuri ruwa a kan benci ba, bai fara koyon aikin ba tukuna.

Wata shekara sai wasan ƙarshe ya faɗo a kan Yakubu, ƙaramin mataimakinsa, saurayi mai kaifin ido da kunya. Da aka raba wasannin babu wanda ya zaci wannan zai zama wani abu. Sai ga ƙungiya ta kai matsayin da canjaras kawai take nema ta hau rukuni na gaba, abin da unguwa ta daɗe tana mafarki. Dattawan ƙungiya suka yi ta sintiri a gidanmu. Ni ma na sa baki, na ce masa, "Haba Yaya, ni ma ina da yaran shago, amma ba na ba su shaddar sallar mutane su koyi yanka a kanta." Ya dube ni ya ce, "Shi ya sa har yau babu wanda ya fita daga shagonka ya iya yanka." Na ji haushi sosai, don dai akwai gaskiya a ciki.

Ranar wasa Yaya ya zauna kusa da ni a cikin jama'a. Ana nan babu ci har wasa ya yi nisa, sai Yakubu ya cire ɗan wasan gabanmu ya sa mai tsaron baya, don a riƙe canjaras ɗin. Na ji numfashin Yaya ya canza, na ga ya damƙe gwiwarsa, amma bai motsa ba. Yaranmu suka koma baya gaba ɗaya, baƙi suka yi mana rumfa, dab da tashi suka zura mana ɗaya. Wallahi ban taɓa jin fili ya yi shiru haka ba.

Kafin mako ya zagayo an sallami Yaya. Ya bi masallatai da majalisu yana cewa laifinsa ne, shi ya ba da wasan, a bar yaro. Wa zai saurare shi? Idon mutane a kan wanda ya yi canji yake. Yaya bai sake riƙe ƙungiya ba har hawan jini ya kwantar da shi, kuma har ya rasu ban taɓa jin ya ce ya yi nadama ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga ƙwallon yau. Mataimaka sun je kwas, sun dawo da takardu, suna ɗaukar wasa a waya suna maimaitawa, abubuwan da shi bai taɓa samu ba. Na san zai so wannan, mutum ne mai son sabon abu. Amma zai ga masu takardun nan suna jera robobin atisaye a fili suna ƙirga riguna, shekara da shekaru. Zai ga koci ya faɗi wasa uku an kore shi, matasa kuma sun cika shagunan caca, kowane ƙwallo da aka ci wani ya yi asara yana neman wanda zai zaga. A irin wannan zamani wa zai sayi gyaɗa ya koma cikin 'yan kallo?

Yanzu Yakubu ne babban kocin ƙungiyar, kuma ko maƙiyinsa ya san ya iya aiki. Da maganar Fuseini ta dame ni, na wanke ƙafa na same shi a gidansa a unguwar Kaladan. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Baba, duk abin da na sani Koci ne ya koya mini, ba na musu. Amma shi ya tafi ya huta, ni aka bari da garin nan. Har yau in na shiga kasuwa sai wani ya ce a yi canji, a fashe da dariya. 'Yata ta dawo daga makaranta tana kuka a kan wasan da aka yi ba a haife ta ba. Ina son Fuseini. Saboda ina son sa ne ba zan yi masa abin da aka yi mini ba."

Na so in ce masa wasan nan ne ya mai da shi koci, amma wane ni, ni da na kalla daga inuwa?

To me ya rage na Yaya? Mataimakansa suna nan, daga Tamale har kudu, kowannensu gwani ne, kowannensu yana hana yaransa bin ƙwallo da ido, yana tambayarsu me suka gani. Wannan ya rayu. Amma na bincika, babu ko ɗaya a cikinsu da yake ba da wasa. Sun ɗauki abin da ba ya ciwo sun bar mai ciwon, ni kuwa a ganina mai ciwon ne ya yi su. Ina tsoron in sun tsufa babu wanda za su bar wa benci. Ba na zargin Yakubu, ba na zargin Yaya, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Juma'ar da ta wuce muka yi addu'ar shekara a gida. Yakubu ya zo da wuri, ya zauna a gaba, ya fi kowa hawaye. Fuseini kuwa ya riga ya karɓi yelo-yelo, keken haya mai ƙafa uku, yana jigila tsakanin Dungu da kasuwa, shi ya yi ta mai da baƙi gidajensu. Da aka watse Yakubu ya ce yana saurin atisaye, ni ma shago zan koma, sai muka shiga keken Fuseini tare. A bakin fili yara suka hango Fuseini, suka sheƙo suna kiran "Koci! Koci!" Yakubu ya sauka ya tsaya riƙe da ƙarfen keken, kamar zai ce wani abu. Fuseini bai kashe inji ba, bai kuma dubi filin ba.

Fuseini ya ce mini, "Baba, gyara zama, akwai rami a gaba."