Ranar da Aka Kulle Randar Injiniya

Shekara uku ke nan cif da rasuwar mijina, Injiniya Habibu, wanda Hausawan Silver Spring da Gaithersburg suka fi sani da mai motar gida. Duk shekara wasu ke yin rubutun tunawa da shi. Bana na ce a bar mini, domin akwai abin da kullum ake tsallakewa.

Da ya yi ritaya sai ya sayi irin motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, ya haɗa da farantin intanet mai kama saƙo daga tauraron ɗan'adam. Duk dajin da muka yada zango, kafin in ɗora tukunya ya riga ya kafa farantin yana kallon sama. Bai taɓa sa masa kalmar sirri ba. Sunan da ya raɗa wa wayifai ɗin, wato intanet ɗin da wayoyi ke kamawa daga farantin, ma "A Sha Ruwa". Ya ce a ƙofar gidansu a Kano kakarsa randa take ajiyewa da moɗa, ba ta tambayar mai wucewa ɗan wane ne. Na sha yi masa tsiya cewa rabin Turawan sansanin da muka sauka da guminsa suke kallon fim, sai ya yi dariya ya ce su ma ƙishirwa suke ji.

Tafiyarmu ta ƙarshe cikin duwatsun Virginia ce, inda waya ba ta da sabis ko ɗigo. Mota biyu muka yi, mu da amininsa, wanda zan kira Malam Garba ko da yake ba sunansa ba ne. Wurinmu ƙarƙashin bishiyoyi ya faɗo, farantin kuwa ba ya aiki sai ya ga sarari. Don haka Injiniya ya kafa shi a gefen motar Garba, ya kuma ba shi ikon sarrafa shi daga wayarsa, kamar yadda yake ba shi komai.

Washegari bayan azahar Garba da iyalinsa suka shiga gari sayo nama. Injiniya yana hura gawayi, sai na ga ya dafe ƙirji ya sulale. Na ɗauki waya in kira motar asibiti ta intanet, yadda shi da kansa ya koya mini. Ga "A Sha Ruwa" nan, ƙarfinsa a cike, amma da alamar makulli a gefensa. Na gwada sunan 'yarmu Zainab, na gwada ranar aurenmu, na gwada duk abin da ya zo mini. Maƙwabtan da ke kusa sun fita yawo. Dole na bar mijina kwance a ƙasa na ruga ofishin sansanin ba takalmi. Da na dawo ya daina numfashi.

Daga baya matar Garba ce ta faɗa mini, tana kuka. Da safen ranar ƙwallo Garba yake kallo, hoton yana tsayawa saboda jama'a sun yi yawa a kai, sai ya sa kalmar sirri, ya ce zai cire idan an tashi wasa. Aka tashi, ya manta.

Kada wani ya aiko mini da wa'azi. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, kuma likita bai ce mini da an zo da wuri zai tashi ba. Ba ran mijina nake nema a hannun Garba ba. Abin da ya ƙwace mini shi ne zama kusa da shi a mintocinsa na ƙarshe, ina riƙe da hannunsa ina laƙana masa kalmar shahada. Ya cika shi kaɗai, gawayi na ci a gefensa. Wannan ban yafe ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Da a ce Garba ya zo ya ce, "Maman Zainab, ni na kulle," da wataƙila yanzu zuciyata ta yi sanyi. Bai taɓa ba. Sai dai duk shekara a taron addu'a ya miƙe da babbar riga, ya share ido, ya ba da labarin randar kakar Injiniya kamar shi ya ɗebo ruwan. Jama'a na gyaɗa kai, ni kuma ina bayan labule ina haɗiye abin da ke bakina.

Nakan tambayi kaina me Injiniya zai ce da ya ga yau. Zai ji daɗi, na sani. Gidaje da dama cikinmu sun sayi irin motarsa, duk bazara ana fita rukuni, kuma ba mai kulle nasa. Ni kuwa zai yi mini faɗa, don mutum ne da ba ya iya kwana da fushi. To, shi ke nan shi, ni ba shi ba ce. Ya bar mini motarsa da farantinsa, bai bar mini haƙurinsa ba.

Na koyi tuƙa motar, na koyi kafa farantin. "A Sha Ruwa" yana nan a buɗe ga duk mai wucewa, kuma ina fatan ladan yana isa kabarinsa. Abin da ya rage na mijina a duniya ke nan, kuma ya isa. Waya ɗaya tak na sa Zainab ta nuna mini yadda ake toshewa.

A fitar da muka yi bana, a wani dajin da ba sabis, Garba ya zo bakin motata yana juya waya a hannu.

"Maman Zainab, tawa ta ƙi shiga. Ta kowa ta shiga."

Na ce, "Malam Garba, kana ganin sunan?"

"Ina gani, ga shi nan a cike."

"To, tsaya ka yi ta kallonsa. Ni ma haka na kalle shi."

Ya daɗe a tsaye. Ban ba shi kujera ba. Ranar da ya faɗa da bakinsa cewa shi ya kulle, a gaban mutanen da yake ba labarin randa, zan buɗe masa.