Mako Ɗaya Ba Sallama

Da ana goge mako ɗaya daga rayuwa, da na goge wanda na sa ɗalibaina suka daina gaisawa da ɗan'uwansu.

Lokacin ina koyar da adabin Hausa a wata sakandare kusa da Taura, ba a daɗe da ba mu jiha ba. Karatuna bai wuce makarantar horon malamai ba. Wasan kwaikwayon da ke cikin manhaja labarin wani mutum ne da ya ƙi bin shawarar da gari ya yanke, aka juya masa baya. Sau biyu ina karanta musu suna hamma. Abin ya hana ni sakat. Sai dabara ta faɗo mini: aji duka su zama mutanen gari, ɗalibi ɗaya ya zama mutumin, kada wanda ya yi masa sallama ko ya amsa tasa daga Litinin zuwa Juma'a.

Na zaɓi wani ɗan Fulani mai zuwa daga ruga a kan keke, don ya fi kowa iya karatu a aji. Na manta a daminar nan iyayen 'yan ajin na rigima da mutanen ruga kan burtalin shanu. Ko kuwa ban manta ba, na ga hakan zai ƙara wa darasin armashi? Har yau ban raba wannan gardama da kaina ba.

Ran Juma'a na ce wasa ya ƙare. Bai ƙare ba. Benci ya zama nasa shi kaɗai, in ya zo alwala a janye buta. Ya same ni a ƙofar ofishin malamai, yana riƙe da kekensa.

"Malam, yaushe za a gaya musu an gama?"

Na ce ai na gaya musu, ya ƙara haƙuri zuwa jarrabawa. Bai kai jarrabawar ba.

Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci na koma unguwar Limawa da zama. Ko'ina wa'azi ake kan haƙƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa, kuma da sallama ake farawa. Da an zo nan sai in kasa zama, in ɗauki takalmina. Sau ɗaya na hango ɗalibin nan nawa a kasuwar shanu, ya zama magidanci. Na yi masa sallama. Ya amsa cikakkiya, ya ce sannu Malam, ya koma kan cinikinsa.

'Yan'uwana malamai, ku koyar da irin wannan wasa, amma ku bar shi a takarda. Kada ku miƙa wa aji ɗan kowa su gwada a kansa.