Hanyar Da Yaya Ɗanladi Ya Yi Wa Dawaki

Yau shekara goma sha ɗaya da rasuwar yayana Ɗanladi. Ciwon ƙirji ne, kwana tara ya yi a kwance. Ni ban yi makaranta ba. Ina faɗa ne, 'yarsa Binta tana rubutawa.

Mu biyu muka taso muna kula da dawakin wani attajiri a Mandawari. Kullum da safe mukan fitar da su ta Ƙofar Ruwa su motsa jini. Wata rana doki ya zame da ni a kan kwalta, ya danne min ƙafa. Tun daga ranar nake ɗingishi, ban kuma sake hawa ba.

Yaya bai yi min dogon jaje ba. Ya je wajen mai unguwa ya roƙi wani zirin fili a bayan ganuwa. Ya tsince duwatsun da hannu. Ya yi ta ɗebo yashi a kan jaki har rani biyu. Ya buɗe duk inda hanyar ta yi kwana, don doki ba ya juyawa kamar mutum. Darbejiyar da ke gefe ya sare mata rassa, ya zama mahayi ya wuce ba sai ya sunkuya ba. Da ya gama ya ce, "Sule, nan ba kwalta. Hau." Na ce a'a. Bai sake yi min maganar ba har ya koma ga Allah.

Lokacin, da hantsi ba ka jin komai a wurin sai kofato a kan yashi da hucin dabbobi. Ni ina bakin hanya ina ba su ruwa.

Bara sai babura suka fara keto ta. Na tare wani, ya nuna min waya ya ce ita ta biyo da shi. Binta ta yi min bayani. Akwai taswira a intanet wadda kowa ke iya gyarawa, ita ma tana cikin masu gyaran. Wani ya ga hanyar a hoton sama ya sa ta cikin hanyoyin ababen hawa. Ta mayar da ita ta doki, ya sake canzawa. Ya ce doki ya bi hanya daban, a gina ta domin doki daban, ta kawo shaida. In ba shaida, tayoyi za su daddaɓe yashin, masu dawakin da suka rage su koma kwalta.

Na kai ta gindin darbejiya na nuna mata tabon sara. Ta ce, "Baffa, a hoto tabo ne kawai. Sai da mutum a kan doki za a gane tsayin."

Na ce a samo wani.

Ta ce, "Kai aka auna, Baffa. Baba ya faɗa min."

Ban san wannan ba. Ashe da tsayina ya sare rassan, don na fi shi tsawo.

Muka aro wani tsohon doki. Mutum biyu suka ɗora ni. Na bi hanyar tun daga farko har ƙarshe, reshe ko ɗaya bai taɓa hulata ba. Binta ta ɗauki hoto ta tura. Mutumin ya amince, ya gyara da hannunsa.

Da Yaya yana raye, ba na jin zancen taswira zai dame shi. Zai ce doki ba ya duba waya. Amma da ya gan ni a kan sirdi, na san zai juya baya ya yi kamar yana gyara linzami.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Hanyar nan ya bari, ga sunanta na gaskiya a rubuce a taswira. Babura sun ragu, ba su daina ba. Allah ya jiƙansa.

Ni ina nan bakin hanyar ina sayar da harawa. Ranar Juma'a da safe nakan hau.